A Yanke Lada Kafin A Kama Hanya

'Yan'uwa fatake, yawancin rigimarmu da yaran da ke kora mana shanu daga Maraɗi zuwa Jibiya tana farawa ne daga "ai ma daidaita in mun isa". Malamai sun karantar da mu cewa ijara ba ta inganta sai an san lada.

To, a yanke tun a zango, gaban shaidu: nawa ne, kuma sefa ko naira? Ba mu manta da 1994 ba, da aka karya darajar sefa da rabi. A faɗi wa zai ɗauki guzuri da kuɗin komowa. In sa ya ɓata ba da sakaci ba, asarar mai dukiya ce, kada a zaftare ladan yaro.

Kai kuma yaro, faɗi farashinka, kunya ba ta ciyar da iyali. Allah ya sa albarka.