Haske Ne Ko Rashin Nauyi? Kalmar Light da Abin da Ake Ɓoyewa a Bayanta

Duk mai sauraren labaran kasuwar mai ya saba jin sunan Bonny Light, ɗanyen man da ake lodi a tashar Bonny ta jihar Ribas ana kai wa ƙasashen duniya. Rabin farko na sunan ba ya bukatar bayani, sunan gari ne. Rabi na biyun ne ke rikita mutane. Wanda ya shiga aji ko da na firamare ne an koya masa cewa light haske ne, don haka sai ya ɗauka mai ne mai sheƙi ko mai ɗaukar ido. Alhali abin da ake nufi shi ne man ba shi da nauyi. Masu harkar suna da ma'aunin da suke kira API: ruwa yana kan 10, kuma duk man da ya haura 31.1 ana sa shi a sahun marasa nauyi. Na Bonny ya haura. Irin wannan man ya fi sauƙin tacewa, ya fi ba da fetur da kananzir da gas, ga shi kuma farar wutar da ke cikinsa kaɗan ce. Shi ya sa yake da daraja a kan mai kauri irin na yankin Orinoko a Benezuwela, wanda wani ma nutsewa yake yi a ruwa.

To me ya haɗa haske da rashin nauyi har suka zauna a kalma ɗaya? Amsar ita ce babu abin da ya haɗa su. Kalmomi biyu ne daban, kowace da zuriyarta, tarihi ne kawai ya sa suka yi kama har suka zama ba a iya rabe su.

Tun 1786, lokacin da wani alƙali ɗan Ingila mai suna William Jones ya bayyana a birnin Kalkata cewa Sanskirit na Indiya da Girkanci da Latinanci daga tushe guda suka fito, masana suka shiga bin sawun kalmomi zuwa ga wannan tsohon harshe da ba a taɓa rubuta shi ba. A can suka tarar da saiwoyi biyu. Ta farko, wadda suke rubutawa leuk, tana nufin haskakawa. Ita ce ta haifi lux da lumen na Latinanci, da luna, wato wata, da leukos na Girkanci mai ma'anar fari. Daga wannan farin ne likitan Jamus Rudolf Virchow ya raɗa wa sankarar jini suna a 1847, saboda yawan fararen ƙwayoyin da ya gani a jinin masu ita. Saiwa ta biyu kuwa rashin nauyi take nufi, ita ce ta ba Latinanci levis. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci suna riƙe da jikokin saiwoyin nan biyu a bakinsu, kuma ba su taɓa rikita su ba: lumière haske, léger marar nauyi. Jamusawa ma sun raba, Licht daban, leicht daban. A Ingilishi ne, da harshen mutanen Holan, biyun suka narke suka zama ɗaya, kuma a Ingilishi narkewar ta fi shekara 1,000, domin tun a tsoffin rubuce-rubucen harshen ana samun su da sura kusan iri guda.

Mu ma muna da irin wannan a rubutun boko. Fari na launi, da fari na rashin ruwan sama, da fari na ɗan fari, duk haruffa huɗu ne iri ɗaya a takarda. Sai dai mu bakinmu yana raba su, da karin sauti da jan wasali, kunnen Bahaushe ba ya kuskure. Bature ba shi da wannan gatan a kan light. Rubutu ɗaya, furuci ɗaya, sai dai abin da ke gaba da baya ya faɗa masa wacce ake nufi.

Su kuma haruffan nan biyu na tsakiya, g da h, waɗanda ke ba yara wahala a jarrabawar shifta, ba don ado aka sa su ba. A da ana furta su, da wani sauti mai gogar ganɗa, kusa da harafin kha na Larabci. A hankali sautin ya faɗi daga bakin mutanen kudancin Ingila, wasalin ma ya sauya a cikin babban juyin furucin da harshen ya yi daga wajen 1400 zuwa 1700. Amma injin buga littattafai, wanda William Caxton ya kafa a Westminster a 1476, ya taimaka wajen daskarar da rubutun a yadda yake. Baki ya yi gaba, alƙalami ya tsaya. A wasu sassan Sikotilan har yau akwai masu cewa licht da tsohon sautin.

Ɓangaren haske shi ne wanda kowa ya sani, ba sai an daɗe a kansa ba. Kalmar na ɗaukar hasken rana, da fitila, da danjar kan titi, da kunna wuta, da launin da bai ciza ba. Idan mai shan taba ya roƙi light a Landan, ashana yake nema. A Najeriya kuma kalmar ta sami sabon aiki da ba ta da shi a gidansu: wutar lantarki. Tun zamanin hukumar lantarki ta NEPA, wadda aka kafa a 1972, idan mutumin Legas ya ce babu light, ba duhu yake nufi ba, ko da tsakar rana ce zai faɗa, firjinsa ne da fankarsa suka tsaya. Bahaushe ya kalli abu guda ɗin nan ya kira shi wuta. Wuri ɗaya da ya kamata a yi hattara a wannan ɓangaren shi ne abin da ake fassarawa da shekarar haske. Jin kalmar shekara kan sa a zaci lokaci ne, alhali tazara ce. Haske na gudun kilomita 299,792 a daƙiƙa guda, yana isowa daga rana cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi, kuma tafiyar da zai yi a shekara ta kai kilomita tiriliyan 9.46. Tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana yana da nisan irin wannan shekara 4 da ɗoriya.

Ɓangaren rashin nauyi ya fi ban sha'awa, kuma a nan ne haɗarin yake. Mahautan Ingila na kiran huhun tunkiya ko na sa lights, saboda a duk kayan ciki shi ne sakayau, har yana tasowa a kan ruwa. Kalmar huhu kanta a Ingilishi, lung, daga wannan saiwar ta fito. Akwai kuma alight, sauka daga doki ko mota, wanda asalinsa sauƙaƙa wa dabba nauyin da ke bayanta ne. Daga nan ma'anar ta yaɗu: barci marar nauyi, abinci marar nauyi, hukunci mai sassauci, hira ta raha, jirgin ƙasa na cikin gari irin wanda aka buɗe a Abuja a 2018, har da manhajar Facebook Lite da aka fitar a 2015 don wayoyin da ba su da ƙarfi.

Abin lura shi ne, wannan light ɗin ba ta tsayuwa da ƙafarta. Kullum kwatance take yi: abu ya fi wani rashin nauyi. Amma ba ta faɗin wane ne wanin, ba ta kuma faɗin ta wace fuska. Dubi yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a Abuja a 2006 kan abin da gidajen rediyo ke kira ƙananan makamai. A ma'anar Majalisar Ɗinkin Duniya, makaman da ake kira light sun haɗa da manyan bindigogi masu sarrafa kansu, da na harba gurneti, da rokar kakkaɓo jirgin sama da ake saɓawa a kafaɗa, da turmin harba bam da faɗin bakinsa bai kai milimita 100 ba. Rashin nauyinsu kawai shi ne mutum biyu ko uku, ko dabba, ko ƙaramar mota, za su iya ɗaukar su. An auna su ne da tankar yaƙi. Mutumin ƙauyen da aka tasa da irin waɗannan makamai a Zamfara ko Tillaberi ya san babu wani abu ƙarami a tattare da su.

A kanti ma haka. Kwalbar man zaitun da aka rubuta wa light ba ta da ƙarancin maiƙo ko kaɗan, launinta da ɗanɗanonta ne suka yi sanyi saboda tacewa. Ganin yadda masu saye ke ruɗuwa ne ya sa Tarayyar Turai ta yi doka a 2006 cewa ba a sa kalmar a kan abinci sai an rage abin da ake magana a kai da aƙalla kashi 30 cikin 100, kuma dole a faɗi abin da aka rage ɗin.

Amma babu inda aka ci amanar jama'a da wannan kalma kamar a harkar taba sigari, kuma labarin ya cancanci a ba da shi dalla-dalla.

Bayan rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 1964, wanda ya tabbatar da alaƙar sigari da sankarar huhu, tsoro ya kama mashaya, da yawa suka fara tunanin dainawa. Gwamnati ta soma auna yawan kwalta da nikotin da ke cikin hayaƙin kowace sigari da wata na'ura mai zuƙa. Kamfanoni suka nemo dabara. Suka huda ƙananan ramuka, waɗanda da kyar ido ke gani, a jikin matacin da ke gindin sigarin. Idan na'ura ta zuƙa, iska na shiga ta ramukan ta sirka hayaƙin, sai awo ya nuna adadi kaɗan. A farkon shekarun 1970 aka fito da Marlboro Lights, wasu kamfanonin suka bi sahu, har irin wannan sigarin ta mamaye kasuwar Amurka.

Sai dai mutum ba na'ura ba ne. Yatsunsa da leɓɓansa suna toshe ramukan ba tare da ya sani ba. Kuma jikin da ya saba da nikotin ba ya yarda a rage masa: mashayi zai zuƙa da ƙarfi, ya kai hayaƙin can cikin ƙirji, ya ƙara yawan zuƙa, ko ya ƙara yawan karan da yake sha a yini. A ƙarshe gubar da ta shiga jikinsa ba ta ragu ba. Abin da ya ragu shi ne kaushin hayaƙin a maƙogwaro, wanda ke ƙara tabbatar masa a ransa cewa ya koma ga mai sauƙi. A 2001 cibiyar binciken sankara ta gwamnatin Amurka ta fitar da rahoton da ya ce babu hujjar cewa wannan sigarin ta rage wa jama'a cuta.

Ku dubi yadda kalmar ta yi wa kamfanonin aiki. Ba su rubuta a kwali cewa wannan ba ta kisa ba, da sun rubuta da an kama su tun da wuri. Kalma ɗaya suka sa, suka bar mai saye ya cike sauran da kansa. Uwa mai juna biyu ta karanta ta ga sauƙi ga abin da ke cikinta, dattijon da likita ya gargaɗa ya karanta ya ga mafita ba tare da ya daina ba. Idan aka tuhume su kuwa, sai su ce ɗanɗano suke nufi. A ganina wannan ya fi ƙarya ƙarara muni, domin an tsara shi ne yadda wanda aka cuta zai zama shi ya yaudari kansa, kuma waɗanda aka fi kamawa da shi su ne masu neman tsira da lafiyarsu.

A watan Agusta na 2006, mai shari'a Gladys Kessler ta wata kotun tarayya a Washington ta yanke hukunci mai fiye da shafi 1,600, inda ta samu manyan kamfanonin taba da laifin yaudarar jama'a shekara da shekaru, kuma ta bayyana cewa sun san sigarin da suke kira light ba ta fi sauran aminci ba. Kafin nan Tarayyar Turai ta riga ta hana amfani da irin waɗannan kalmomi a dokarta ta 2001. Yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita shan taba, wadda aka amince da ita a 2003 kuma Najeriya da Nijar ke cikinta, ta ambaci kalmar da sunanta a cikin waɗanda bai kamata a bari a kan kwali ba. Amurka ta yi tata dokar a 2009, hanin ya fara aiki a tsakiyar 2010.

Da aka ƙwace kalmar, kamfanonin ba su sauya sigarin ba, launi suka sa ya maye gurbinta. Marlboro Lights ta koma kwali mai ruwan zinariya, wadda ake kira ultra light ta koma ruwan azurfa, mashaya kuma suka ci gaba da gane abinsu a kan kanta. A nan, ikon Allah, tsoffin kalmomin nan biyu suka sake haɗuwa: launi mai haske ya ɗauki saƙon rashin nauyi, aka ci gaba da faɗin abin da doka ta hana ba tare da harafi ko ɗaya ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Ostireliya ta wuce kowa a watan Disamba na 2012, ta tilasta a sayar da kowace sigari a kwali iri ɗaya mai launin ƙasa-ƙasa marar kyan gani, babu tambari, sunan kamfani da ƙananan haruffa, sauran fili kuma hotunan cututtukan da taba ke haddasawa. Ingila da Faransa sun bi bayanta 'yan shekaru kaɗan daga baya.