Daga fatar karfasa zuwa ɗakin tiyata: yadda ake haɗa tsaikon kolajin da ƙarfafa shi

A dausayin Haɗeja da Nguru, inda tafkin Dagona yake a Ƙaramar Hukumar Bade ta Jihar Yobe, kamun kifi sana'a ce ta gado. Daga cikin kifin da masunta ke kai wa kasuwannin Gashuwa da Nguru akwai karfasa, wadda masana kimiyyar lafiya a ƙasashe da dama suke bincike a kan fatarta. Abin da suke nema a cikinta shi ne kolajin, sinadarin da ake haɗa farar fata ta wucin gadi da shi domin jinyar ƙuna da gyambo.

Buƙatar hakan a bayyane take. Fashewar tankar mai a garin Majiya na Jihar Jigawa, a watan Oktoba na 2024, ta hallaka fiye da mutum 150, ta bar wasu da munanan raunukan ƙuna. Idan wuta ta cinye fata har ƙasanta, fatar ba ta sake tsirowa yadda take. Sai likita ya yanko lafiyayyar fata daga wani sashen jikin majinyacin ya dasa, kuma wanda ya ƙone sosai ba shi da isasshiyar fatar da za a yanka.

Kolajin furotin ne da ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na dukkan furotin ɗin jikin ɗan Adam. Shi ne ke riƙe fata da jijiya da ƙashi. Siffarsa kamar igiya ce mai tufka uku, kamar yadda G. N. Ramachandran da Gopinath Kartha suka bayyana a Madras ta Indiya a 1954 da 1955. Idan zafi ya yi yawa tufkar takan warware, kuma shi ya sa romon ganda ko na ƙafar saniya yake yin danƙo, ya daskare idan ya huce.

Dabarar masana ita ce su gina wani soso mai ƙananan ramuka da kolajin, su ɗora a kan rauni. Aikinsa irin na tsaikon ɗaki ne da ake ɗaurawa kafin a baibaye shi da shuci: ƙwayoyin halittar majinyacin da ƙananan hanyoyin jini su shiga ramukan, su gina sabuwar tsoka, shi kuma sosan ya narke a hankali. Ioannis Yannas na cibiyar MIT da likitan tiyata John Burke na birnin Boston su ne suka buɗe wannan hanya a Amurka. A 1981 suka ba da rahoton jinyar masu ƙuna da fatar da suka haɗa daga kolajin na shanu da wani sinadari na guringuntsin kifin shak. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1996 da sunan Integra.

Haɗa tsaikon yana bin matakai. Ana wanke fatar da ruwan sinadari mai kaifi irin na soda domin cire kitse da sauran furotin, sannan a jiƙa ta a ruwan tsami na asid ɗin da ke cikin binega har kolajin ya narko. Ana yin wannan duka a sanyin da bai wuce digiri 4 a ma'aunin Salshiyas ba. Daga nan a zuba ruwan a mazubi, a daskarar da shi a wajen digiri 40 ƙasa da sifiri, a sa shi a na'urar da ke zuƙe iska har ƙanƙarar ta tashi ta zama tururi ba tare da ta narke ba. Gurbin da kowace ƙwayar ƙanƙara ta bari shi ne ramin. Daskarewa da sauri na ba da ƙananan ramuka, a hankali kuma manya. Binciken Yannas na 1989 ya nuna cewa fata ta fi farfaɗowa idan faɗin ramin yana tsakanin maikiromita 20 da 125, maikiromita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita.

Sai dai soson da ya fito daga na'urar ba shi da ƙwari. Yana yagewa da ya jiƙe, kuma sinadaran jiki na iya cinye shi kafin sabuwar tsoka ta kafu. Don haka ake ƙulla zaren kolajin da juna. Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin shi ne majema a Kano da Sakkwato suke yi idan sun tsoma fata a ruwan bagaruwa: sinadarin tanin da ke cikinta yana kama zaren kolajin ya ɗaure su, fatar ta daina ruɓewa. Bambancin shi ne majemi yana so fata ta daɗe shekaru, likita kuwa yana so tsaikon ya tsaya makonni kaɗan sannan ya ba da wuri.

Hanyoyin ƙarfafawar suna da yawa. Akwai gasa soson a zafin digiri 105 na tsawon awa 24 a inda aka zuƙe iska. Akwai sinadarin gulutaraldehaid, mai ƙarfi ƙwarai, amma ragowarsa na kashe ƙwayoyin halitta idan ba a wanke shi sarai ba. Akwai EDC, wanda ke haɗa zare da zare ya fice ba tare da ya zauna a cikin ƙullin ba. Akwai kuma jenifin, da ake samu daga 'ya'yan wani itace na Asiya ɗan'uwan gauɗe, wanda gubarsa ba ta kai ta gulutaraldehaid ba, sai dai yana rina soson shuɗi. Ƙullin da ya yi yawa na hana tsaiko narkewa har jiki ya ɗauke shi baƙon abu, wanda ya yi kaɗan kuma na sa shi ɓacewa da wuri.

Kolajin na kifi ya fi buƙatar wannan mataki. Na kifin ruwan sanyi yana warwarewa a zafin da bai kai digiri 20 ba, alhali zafin jikin mutum digiri 37 ne. Na karfasa, da yake kifin ruwan ɗumi ce, yana jure fiye da digiri 30, abin da ya sa take kan gaba a bincike. Kifi kuma ya kuɓuta daga damuwar da Musulmi ke da ita game da kolajin na alade, da fargabar cutar haukan shanu.

A birnin Fortaleza na Burazil, likitoci ƙarƙashin Edmar Maciel sun fara gwada fatar karfasa a matsayin bandeji a kan ƙuna tun 2016, kuma sun samu raguwar zafi da yawan sauya ɗauri. Irin karfasar Nilu da suka yi amfani da ita tana cikin kogunan yankin Tafkin Chadi. Amma fatar sai an tsabtace ta da magunguna da gilisarin, an kashe ƙwayoyin cuta da haske na musamman. Ɗora ɗanyar fatar kifi a kan ƙuna a gida na iya jawo ruɓewar rauni.

Najeriya na da cibiyar binciken fata ta NILEST a Samarun Zariya, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru. Abin da aikin ke nema daga gare su shi ne sanyi tun daga bakin ruwa, wutar lantarki marar yankewa, da gwaji mai tsauri kafin amincewar NAFDAC.