Tseren keke a gangaren tsaunin hamada: Sakkwato na da zafin, ba ta da tsaunin

Bidiyoyin mahaya keke da ke dirowa daga jajayen tsaunuka sun daɗe suna yawo a wayoyin matasa, kuma mai kallo daga Sakkwato zai ga ƙasar ta yi kama da ta gida: jan dutse, ƙura, ga rana tsaka. Akasarin bidiyoyin daga gasar Red Bull Rampage suke, wadda aka fara a 2001 kusa da garin Virgin, a hamadar jihar Yuta ta Amurka.

Wasan ya samo asali ne a 1976 a jihar Kalifoniya, inda wasu matasa suka riƙa tsere da tsofaffin kekuna a kan wata hanyar daji mai gangare. Sun sanya mata suna Repack saboda man birkinsu kan ƙone kafin su kai ƙasa, sai an sake cusa wani. A 1990 aka yi gasar duniya ta farko a Durango, jihar Kolorado. A irin wannan gasa mahayi shi kaɗai yake sauka, wanda ya fi sauri ya ci. A Rampage kuwa alƙalai ne ke ba da maki, kuma kowane mahayi da mataimakansa ne ke sassaƙa hanyarsa a jikin tsauni da diga da shebur. Sai a 2024 aka buɗe wa mata rukuninsu.

Keken da ake wannan aiki da shi ya sha bamban da na zuwa gona. Yana da sifirin gaba da baya masu lotsawa kimanin santimita 20, da birki mai faifai da ke aiki da mai, da tayoyi masu faɗi da haƙora. Mahayi kan sa hular kwano mai rufe haɓa da kariyar baya da gwiwa. Duk da haka, a 2015 Paul Basagoitia ya faɗi a Rampage ya samu rauni a laka.

To, me ya rage wa Sakkwato? Tsayi. Hanyar Repack kan sauko kusan mita 400 cikin tafiyar kilomita uku da ɗoriya, alhali birnin Sakkwato gaba ɗayansa kimanin mita 300 yake sama da teku. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, sai 'yan tuddai masu kan faifai da gaɓoɓin da ke fuskantar fadamar Rima, waɗanda mai keke zai gama sauka cikin daƙiƙoƙi. Mai neman gangare na gaske a Najeriya sai ya nufi Jos, inda tsaunukan Shere suka haura mita 1,700. Dutsen Kwatarkwashi na Zamfara ya fi kusa, amma matsalar 'yan bindiga ta sa yankin ya wuce wurin yawon motsa jiki.

Ƙaramin gangaren ma ba abin raini ba ne, domin ƙasar nan na da nata sharrin. Tsakuwar marmara kan mirgina a ƙarƙashin taya. Rairayin da ke taruwa a gindin tudu shi ya fi haɗari: tayar gaba ta nutse, keke ya tsaya cak, mahayi ya wuce ta saman sitiyari da ka. Shi ya sa ƙwararru ke mayar da nauyinsu baya, su sassauta birkin gaba. Kwazazzaban da ruwan damina ke haƙawa kuma kan sauya fasali kowace shekara, don haka hanyar da aka bi bara sai an sake taka ta da ƙafa bana. Ga ƙaya, wadda duk mai faci ya san labarinta.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma ƙishirwa na rage kaifin hankali a wasan da kuskuren daƙiƙa ɗaya ke karya wuya. Hantsin hunturu ya fi dacewa, idan hazo bai rufe ido ba.

Kayan aiki su ne babbar katanga. Keken gasa na cin dubban daloli, kuma ko Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Najeriya a tseren keke na Olamfik a Paris a 2024, sai da ta ari keke daga tawagar Jamus kafin ta shiga tseren cikin fili. Matashin da ya kwaikwayi bidiyon Yuta da keken gwanjo mai birkin roba, ba hular kwano, ya ɗauki haɗarin wasan duka ba tare da ko ɗaya daga cikin kariyarsa ba.