Fanka, randa da kwanon rufi: gaskiya da shaci-faɗi kan zafi a Karshi

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa saukar ruwan farko, babu hirar da ke ci a Karshi kamar ta zafi. A majalisa, a teburin mai shayi, a cikin motar da ta taso daga Nyanya ta bi ta Jikwoyi da Kurudu da Orozo, kowa malami ne. Wani ya ce a bar fanka tana juyi kafin a dawo daga aiki, a tarar ɗaki ya huce. Wata ta ce randar da ke tsatsafo ta lalace, a shafe ta da siminti. Cikin maganganun nan akwai na gaskiya, akwai rabi da rabi, akwai kuma ƙanzon kurege, kuma ba a rarrabe su sai an san mene ne zafin kansa.

Duk abin da ido ke gani, har da iskar da ba ya gani, ƙananan ƙwayoyi ne suka haɗu suka yi shi, kuma ba sa zama shiru. A cikin ƙarfe da dutse karkarwa suke a inda suke, a cikin ruwa suna zamewa a jikin juna, a iska kuwa gudu suke, kusan mita 500 a daƙiƙa ɗaya, suna karo da juna. Ƙarfin wannan motsi shi ne zafi. Su ma Turawa sun daɗe suna zaton zafi wani ruwa ne marar nauyi da ke kwarara daga abu zuwa abu, sai a 1798 Count Rumford ya lura a birnin Munich na Jamus cewa huda ƙarfen igwa yana ta fitar da zafi ba ƙarewa muddin ana gurzawa, har ya tafasa ruwa da shi ba tare da wuta ba. A 1827 Robert Brown ya ga ɓurɓushin garin fure yana rawa a cikin ruwa ta madubin ƙara girma, a 1905 kuma Albert Einstein ya nuna cewa ƙwayoyin ruwan ne ke ta bangazar sa.

Ƙa'idar da za a riƙe ɗaya ce. Zafi yana tashi ne daga abin da ya fi zafi zuwa wanda bai kai shi ba, kuma ba ya juyawa da kansa. Yana bin taɓawa, yana bin iska ko ruwan da ke tafiya, yana kuma ratsa sarari kamar yadda hucin rana da na garwashi ke iso mutum daga nesa. Sanyi ba wani abu ba ne da ake ɗebowa a zuba. Duk inda aka ji shi, zafi ne ya fita.

To, batun fanka ƙarya ne. Fanka ba ta rage zafin iska ko kaɗan, injinta ma ɗan ƙara mata yake. Aikinta shi ne ta kore iskar da ta ɗumama a jikin fata, ta kuma busar da gumi, shi ya sa sai da mutum a wurin take da amfani. Wanda ya bar ta tana juyi a ɗakin da ba kowa, kuɗin mita kawai yake ƙonawa. Inda za ta sanyaya ɗaki da gaske shi ne a ajiye ta bakin taga da dare, lokacin da iskar waje ta fi ta ciki sanyi, ta jawo ta. Shi kuwa mai buɗe firji don ɗaki ya huce, ya taɓa bayan firjin ya ji: zafin da aka kwashe daga ciki ta nan yake fita, haɗe da na injin, duk a cikin ɗakin.

Randa ce aka fi zalunta. Tsatsafon da ake ƙorafi a kai shi ne sirrinta gaba ɗaya. Yumɓun da aka gasa yana da ƙananan kafofi, ruwa yana bi ta nan ya jiƙa bayan randar, sai ƙwayoyin da suka fi sauran gudu su fice su bi iska. Masu zafin ne ke tafiya, waɗanda suka rage kuwa masu sanyin motsi ne, sai ruwan ya huce. Kuma ba ƙaramin zafi suke kwashewa ba: mayar da lita ɗaya ta ruwa tururi yana cin fiye da ninki biyar na zafin da ake bukata a ɗora litar nan daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Wanda ya shafe randarsa da siminti ko fentin mai ya mayar da ita bokiti. Ko tulunan Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, waɗanda aka yi wa rufin ƙyalli aka gasa da wuta mai tsanani bayan ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Michael Cardew a 1954, a garin da yanzu ake kira Suleja, sun fi kyau a ido, amma ba za su sanyaya ruwa kamar tulun da matan Gbagyi ke gasawa a fili ba.

Masu cewa randar zamani ba ta kai ta da sanyi ba, a tambaye su a wane wata suka sha. A hunturu da farkon bazara iska a bushe take, tana karɓar danshi da sauri, randa ta yi aiki. A Agusta kuwa iskar Karshi ta riga ta ƙoshi da laima, randar nan dai ita ce, amma kaɗan take iya yi. Saboda haka ne ma dabarar Mohammed Bah Abba ta fi karɓuwa a can arewa. Lokacin da yake malami a Dutse, jihar Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, kayan miya suka daina saurin lalacewa. An ruwaito yalo yana kai kwana 27 a ciki maimakon 3, aikin kuma ya samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000.

Akwai masu mamakin mai sayar da ƙanƙara da ke naɗe ta da buhu ko tsohon bargo, wai ai ɗumin bargon zai narkar da ita. Bargo ba shi da ɗumin kansa. Iskar da ta maƙale tsakanin zarensa ce ba ta barin zafi ya wuce da sauri. A jikin mutum yana tsare zafin jikin kada ya fita, a jikin ƙanƙara yana tsare na waje kada ya shiga. Mai ƙanƙara ya fi masu yi masa dariya gaskiya.

Haka nan da safiyar hunturu, ƙofar ƙarfe da bencin katako da suka kwana a waje ɗaya zafinsu ɗaya ne, ko da hannu ya rantse ƙarfen ya fi sanyi. Ƙarfe ya fi katako saurin janye zafin hannu nesa ba kusa ba, abin da fata ke ji ke nan. Iyayenmu mata da suka zaɓi itace don muciya sun san wannan tun kafin a rubuta shi. Ruwan rijiya ma ba ɗumama yake da asuba ba, zafinsa kusan ɗaya ne duk shekara saboda ƙasa ta lulluɓe shi. Iskar waje da hannun mai ɗiba ne suka yi sanyi.

Ji-ta-ji-tar da ta fi cin kuɗi tana madafa. Ana cewa a ƙara wuta wake ya yi saurin nuna. Kafin ruwa ya tafasa, gaskiya ne. Da zarar ya tafasa kuwa, magana ta ƙare: a gaɓar teku ruwa yana tsayawa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyos, a yankin Abuja ƙasa da haka kaɗan, a Jos wajen 96 saboda tudu. Duk wutar da aka ƙara bayan nan tururi take zama ta bi iska, waken bai san ana yi ba. A rage gas ɗin, a rufe tukunya, ruwan ya ci gaba da ɓararraka a hankali. Abin da ke gaggauta dahuwa da gaske shi ne tukunyar nan mai murfin da ke kullewa ya riƙe tururi, don a cikinta ruwa yakan kai wajen digiri 120. Kanwa ma tana tausasa wake, amma ta hanyar sinadari, ba ta ƙara zafi. Gishiri kuwa ba ya sa ruwa saurin tafasa. Ɗan jinkirta shi ma yake, ko da yake na miya bai kai ya ƙara digiri ɗaya ba.

Maganar baƙaƙen kaya rabi da rabi ce. Baƙi ya fi fari shan hasken rana, babu musu. Amma a 1980 wasu masu bincike sun wallafa a mujallar Nature gwajin da suka yi da rigunan Larabawan hamada, suka gano cewa idan rigar mai faɗi ce, zafin da ke isa jiki kusan ɗaya ne ko baƙa ce ko fara, domin iskar da ke zagayawa tsakanin riga da fata tana kwashe ƙarin. Buzayen Agadas da ke yawo da shuni a tsakar rana ba wauta suke ba. Matsattsiyar baƙar riga ta leda, ita ce abin gudu.

Sai tsohuwar gardamar ginin ƙasa da na bulo. Masu cewa ɗakin ƙasa ya fi sanyi da rana sun yi gaskiya: bango mai kauri yana shan zafi sannu a hankali, kafin ya ratsa ciki rana ta faɗi. Sai dai da dare yakan amayar da abin da ya sha, dalilin da ya sa ake kwana a tsakar gida a bazara. A yawancin sababbin gidajen da ake ginawa a Karshi, babban mai laifin ba bulo ba ne, kwanon rufi ne. Siriri ne, nan da nan rana ke gasa shi ya fi iskar waje zafi nesa ba kusa ba, sannan ya riƙa sako huci a kan na ciki. Zuba masa ruwa yana taimakawa na ɗan lokaci, har ruwan ya bushe. Abin da ke ɗorewa shi ne silin da zai tare hucin, da kafa a saman bango inda iska mai zafi, wadda ta fi sauƙi tana tashi sama, za ta samu mafita, da kwano mai farin launi maimakon baƙi ko ruwan ƙasa da ake yayi yanzu. Wanda kuma yake da fili ya dasa darbejiya ta yamma da ɗakin, inda ranar la'asar ke dukan bango.