Daga Sankira Zuwa Fodkas: Yadda Labarin Gari Yake Yawo a Kan Iyakar Jibiya

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi bayanin hanyoyin da labarin gari yake bi har ya isa kunnen jama'a a ƙasar Jibiya ta Jihar Katsina, musamman tun daga lokacin da wayar hannu ta ba kowa damar ya ɗauki muryarsa ya aika wa mutane masu yawa. Abin da muke nufi da labarin gari shi ne irin labarin nan da manyan gidajen rediyo ba su cika waiwayarsa ba, alhali kuwa a kansa ne harkokin mutum na yini suka rataya: ko an buɗe iyaka, ko hanya tana da lafiya, nawa sefa ta kwana, wane ne ya rasu, yaushe za a yi jana'iza.

Kalmar fodkas baƙuwa ce a Hausa, kuma ko a Turanci ba ta daɗe ba, domin a shekarar 1990 babu ita. Wani ɗan jarida mai suna Ben Hammersley ne ya fara rubuta ta a jaridar Guardian ta Ingila a 2004. Ma'anarta ita ce shirin magana da aka ɗauka aka ajiye a intanet kashi-kashi, mai sauraro ya sauke shi ya ji a lokacin da ya ga dama. Bambancinsa da rediyo ke nan: rediyo shi yake sa wa mutum lokaci, fodkas kuwa mutum ne yake sa masa. A wannan takarda za mu ɗan faɗaɗa ma'anar, mu shigar da saƙon murya na WhatsApp da shirye-shiryen da ake turawa daga waya zuwa waya, saboda dalilan da za su zo nan gaba.

Jibiya da Iyakarta

Ba za a fahimci ƙishirwar labari a Jibiya ba sai an dubi inda garin yake zaune. Yana yamma da birnin Katsina, a kan hanyar da ta bi ta Magama ta ƙetara zuwa Ɗan Isa da Maraɗi a Jumhuriyar Nijar. Mutanen ɓangarorin nan biyu Katsinawa ne. Zuriyar sarakunan Katsina da jihadi ya fitar daga birni a 1807 su ne suka kafa sarautar Maraɗi, shi ya sa har yau ana kiran sarkinta Sarkin Katsinan Maraɗi. Layin da ya raba su kuwa Ingila da Faransa ne suka shata shi ta yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan aka kafa alamominsa tsakanin 1906 da 1908. Layin bai raba aure ba, bai raba kasuwa ba, kogin da ya bi ta Jibiya ma shi ne yake gangarawa ya zama Gulbin Maraɗi.

Sai dai layin nan yana buɗewa yana rufewa bisa hukuncin da ake yankewa a wurare masu nisa. An rufe iyakokin Nijeriya daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986. An sake rufe su a Agusta 2019, kuma ko da aka buɗe waɗansu a Disamba 2020, ta Jibiya ba ta samu shiga ba sai a Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an sake rufewa har zuwa Maris 2024. Ga direba da ɗan dako da mai canjin kuɗi da macen da 'yarta take aure a Madarumfa, kowane ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce yana da ɗan ƙaramin labari na kullum da yake biye da shi, watau yadda abin yake a bakin shinge da safiyar yau. Wannan ƙaramin labari shi ne babu mai kawo shi sai wanda yake wurin.

Tsofaffin Hanyoyi

Kafin zuwan rediyo, sanarwa tana fitowa ne daga fadar hakimi ta bi ta dagatai da masu unguwanni, sankira ko mai shela ya kewaya gari yana farawa da cewa sarki ya gaishe ku. Akwai kuma masallacin Jumma'a, da rabon goron suna da na ɗaurin aure, da majalisar ƙofar gida, da tashar mota, da kasuwar Jibiya ta ranar Lahadi wadda take tara mutanen ƙasashen biyu. Abin lura a nan ɗaya ne, kuma za mu koma kansa: shela tana da mai ita. Kowa ya san sankira, ya san wanda ya aiko shi, kuma idan ya ƙara gishiri akwai inda za a kai ƙararsa.

Rediyo: Na Nesa da na Kusa

Bahaushe ya rungumi rediyo tun da wuri. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, Muryar Amurka ta fara Hausa a 1979, Rediyo Faransa kuma a 2007. Waɗannan tashoshi sun sa manomin Jibiya ya san abin da ake ciki a Gabas ta Tsakiya, amma ba su da filin gaya masa ko gadar ƙauyensa ta karye. Tashoshin birnin Katsina, irin su gidan rediyon jiha da Companion FM da Vision FM, sun fi kusa, duk da haka ƙananan hukumomi 34 ne suke rabon lokacinsu.

A wannan fage Nijar ta riga mu. Tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a can, inda ake ɗaukar muryoyin mutanen karkara a watsa. A 1999 aka buɗe rediyon al'umma na farko a Bankilare, daga nan irinsa suka bazu a ƙauyuka. A Maraɗi akwai tashoshi masu zaman kansu irin su Anfani da Sarauniya. A Nijeriya kuwa, ko da yake dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, sai a 2015 aka amince da lasisin rediyon al'umma guda 17 a duk faɗin ƙasa. A ganinmu wannan jinkiri ne ya bar giɓin da wayar hannu ta zo ta cike ba tare da neman izinin kowa ba.

Su ma tashoshin nesan ba su da tabbas kamar da. Gwamnatin Nijar ta dakatar da Rediyo Faransa a Agusta 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024, sa'an nan a Maris 2025 gwamnatin Amurka da kanta ta tsayar da shirye-shiryen Muryar Amurka.

Fodkas Iri Biyu

Iri na farko shi ne na ma'aikatu, wanda ya cika sharuɗɗan ma'anar da muka bayar. Jaridar Aminiya tana da Najeriya a Yau da Daga Laraba. A Yamai akwai Studio Kalangou da aka kafa a 2016, wanda yake shirya labarai da Hausa da waɗansu harsunan Nijar, tashoshi su watsa, a kuma ajiye a intanet. Waɗannan suna da edita, suna da rana, suna da suna. Matsalarsu ita ce ta rediyon nesa: Jibiya ba ta shiga cikinsu sai wani babban abu ya auku.

Iri na biyu shi ne wanda muke ganin ya cancanci a kira shi fodkas ɗin talaka. Tun da WhatsApp ya shigo da saƙon murya a 2013, duk wanda ya iya danna maɓalli ya zama mai shela. Direbobi da 'yan kasuwa da 'yan unguwa ɗaya da ɗaliban malami ɗaya sukan buɗe zaure, wani ya ɗauki magana ta minti biyu ko biyar, ya yi sallama, ya faɗi abin da ya gani, saura su ji a lokacin da suka samu sarari, su kuma tura gaba. Wanda ba shi da data sai ya je wurin masu cajin waya a zuba masa wa'azi ko shirin rediyon jiya a katin waya, ko kuwa abokinsa ya tura masa ta Bluetooth ko Xender. Duk siffofin fodkas suna nan: an ɗauka, an ajiye, ana ji idan an so. Abin da ya rage kawai shi ne tsari.

Dalilin da ya sa murya ta fi rubutu karɓuwa a nan ba rashin karatu kaɗai ba ne. Wanda ya yi makaranta a Jibiya ya koyi rubuta Hausa da ƙa'idar Nijeriya, ɗan'uwansa na Ɗan Isa ya yi lakwal da Faransanci, dattijo kuma ajami ya sani. Rubutu yana raba su gida uku, magana tana haɗa su. Har ila yau, murya tana ɗauke da abin da rubutu ba ya ɗauka: ana gane mai ita, ana jin firgita ko natsuwa a cikinta.

Ambaliyar da ta auka wa Jibiya a daren 15 ga Yuli 2018 misali ce ta irin labarin da muke magana a kai. Mutane fiye da 40 sun rasu, kuma ruwa ya tafi da gawawwakin waɗansu har cikin ƙasar Madarumfa. Tashoshin duniya sun ba da adadi. Amma iyalin da suke neman ɗansu ba adadi suke bukata ba, suna bukatar wani a ƙetaren iyaka ya ce an tsinci mai kama kaza, sanye da riga kaza, a wuri kaza.

Wata Riba ga Masu Nazarin Harshe

Bari mu ɗan ratse, tun da yawancinmu a wannan taro malaman harshe ne. Waɗannan muryoyi taska ce ta karin harshen Katsina da Maraɗi kamar yadda ake furta shi, ba kamar yadda muke gyara shi a aji ba. A ciki ake jin zamna da amre da sabka da biyat da hwara. A ciki kuma ake jin kalmomin aro na Turanci da na Faransanci suna gogayya a jimla guda: kwastan da duwan, malamin makaranta da mushe, babbar mota da kamyo. Kalmar likita ma tana iya rikita baƙo, domin a Nijar takan ɗauki ma'anar asibiti. Haka lissafin kuɗi: dala ta Nijar sefa 5 ce, jikka kuma sefa 1,000, alhali jaka ta tsohon lissafin Nijeriya naira 200 ce. Masu binciken shekarun baya sai sun ɗauki rakoda sun yi tafiya kafin su sami irin wannan. Yau ga shi yana zuba kullum, kuma kullum yana ɓacewa idan waya ta cika aka share.

Inda Gizo Yake Saƙa

Babbar illar wannan hanya ita ce saƙon murya yakan rabu da mai shi. Da an tura shi sau uku, ba a san wanda ya yi shi ba, ba a san ranar ba, sau da yawa ma ba a san garin da yake nufi ba. Muryar da ta ce sun tare hanya tana iya zama ta safiyar yau a hanyar Gurbin Ɓaure, tana iya zama ta bara a wata jiha. A ƙasar da 'yan bindiga suka addaba shekara da shekaru wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsohon saƙo yana iya watsa kasuwa, yawan saƙonnin ƙarya kuma yana iya sa a yi biris da na gaskiya ranar da ya zo. Mafi muni shi ne muryar da za ta ambaci sunan wani ta ce shi ne mai kai wa ɓarayi rahoto. Sankira ba zai iya yin haka ya kwana lafiya ba, amma murya marar suna tana yi.

Sa'an nan kunnen da yake saurare ba na mutanen kirki kaɗai ba ne. Wannan ne dalilin da gwamnati ta bayar lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya, a Satumba 2021, jim kaɗan bayan dokar da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure ta kuma hana sayar da dabbobi a kasuwannin yankin. An yi watanni a haka. Ko matakin ya rage hare-hare, magana ce da ake taƙaddama a kanta. Abin da ba a taƙaddama a kansa shi ne, wuƙar da ta yanke wa ɗan rahoto layi ita ta yanke wa ƙauyen da yake so ya nemi agaji. Wannan lokaci ya kuma nuna raunin fodkas idan aka gwada shi da rediyo: akwatin rediyo mai batir bai san an katse kome ba.

Abin da Kwalejojinmu Za Su Iya Yi

Ba mu ga amfanin kiran a hana saƙon murya ba, domin ba zai hanu ba. Abin da ya kamata shi ne a mayar masa da abin da sankira yake da shi. Mu a sassan Hausa muna koyar da rubutun wasiƙa da kwanan wata da adireshi da sa hannu, amma ba mu koyar da yadda ake ba da labari da baki ta waya, alhali ɗalibanmu shi suka fi yi. Darasi ne ƙarami: mai magana ya fara da rana da sa'a da wuri, ya faɗi ko ganau ne shi ko jiyau, kada ya ambaci sunan wanda ake zargi. Inda faɗin sunansa zai jawo masa haɗari, to, ya miƙa labarin ga wanda jama'a suka sani, kamar mai unguwa ko shugaban ƙungiyar direbobi, shi ya fitar da muryarsa.

Daga nan kuma ba wuya a ɗora shiri na mako-mako na minti 10, ɗaliban kwaleji 'yan asalin yankin su riƙa haɗawa da waya ɗaya: farashin hatsi a kasuwar Lahadi, canjin naira da sefa, halin da shingen Magama yake ciki, sanarwar asibiti da ta makarantu, da inda aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a Fabrairu 2021 ya kai a ƙasar Jibiya. A sa wa kowane kashi lamba da rana, a yi shi mara nauyi yadda zai turu ba tare da data ba, a ba tashoshin Katsina da na Maraɗi su watsa idan sun so, sa'an nan a ajiye kwafi ɗaya a ɗakin karatu na kwaleji tare da sunan garin kowane mai magana da shekarunsa.