Sabon likita mai yawo: da ɗan gari akan ci gari

Idan gwamnati ta canza wa likita wurin aiki, takarda ɗaya take ba shi. Takardar tana faɗin sunan gari. Ba ta faɗin inda ruwa yake yanke hanya, ko ranar da kasuwa take ci. Wannan sai mutanen gari.

Haka abin yake ga likitan da aka turo Madawa, Buza ko Keita don ya riƙa yawo ƙauye-ƙauye. Wani daga Doso yake zuwa, da Zabarmanci ya tashi. Wani daga Damagaram, yana jin Hausa, amma Hausar Adarawa sai ya kasa kunne sosai. Ga Buzaye da Fulani kuma, kowa da harshensa.

Mene ne aikinsa?

Wanda garinsa bai wuce kilomita 5 daga gidan likita ba, shi yake zuwa da kansa. Daga kilomita 5 zuwa 15, likita ne yake zuwa bisa moto. Abin da ya wuce haka, sai a fita da mota, wani lokaci har a kwana a daji.

Likita mai yawo yana yi wa yara lamba. Yana awon mata masu ciki. Yana auna dantsen yaro da ma'auni mai launi uku. In awo ya faɗa kan ja, tamowa ta yi tsanani, sai a kai yaron gidan likita ba jinkiri.

Ƙanƙara ba ta jira

Nijar ta soma babban shirin lamba na yara a shekarar 1987. Maganin lamba ba ya son zafi. Cikin akwatin sanyi ake ɗaukar shi, da ƙanƙara kewaye. Kwalbar lambar dusa, wato ƙyanda, ta yaro 10 ce. Da zarar an haɗa ta, awa 6 take yi, abin da ya rage sai a zubar.

To, a nan sabon likita yake fara tuntuɓe. Ya iso gari da hantsi cikin damina, ya tarar kowa yana gona. Ya buɗe kwalba don yaro 3, sauran magani ya lalace. Yaran da ba su zo ba sai wani zagaye. Ga shi lambar dusa da wata 9 ake yin ta, kuma dusa ba ta jiran likita ya komo.

Hanya ma malama ce. Ƙasar Keita da Buza duwatsu ne da kwari. A kwarin Majiya, wurin da moto ya ratsa a bushe da safe, da la'asar ruwa ya cika shi. Baƙo bai san haka ba. Ɗan gari ya sani tun daga ganin hadari.

Kowane lokaci da halinsa

Da sanyi, mutanen kwarin Tarka wajen Madawa suna garkar albasa. Da rani, maza da yawa na Adar sun tafi cin rani Najeriya ko Abijan. Sai mace ta ce ba ta kai yaro ba don maigida bai ba da izini ba. Maganin wannan, maigida ya bar izini tun kafin ya tashi.

Makiyaya kuwa da damina suna yin arewa, wajen Abalak. Bayan girbi su komo. Likitan da ya saba ya san bakin rijiya ake samun su da safe. Ya san kuma sai ya gaida arɗo ko babban zango kafin ya buɗe akwati.

A shekarar 2013, Madawa da Buza suna cikin wuraren farko a Nijar da aka raba maganin rigakafin masassarar cizon sauro, tare da ƙungiyar MSF. Yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 ake ba, sau ɗaya kowane wata cikin damina, kwana 3 a jere. Na ranar farko gaban ma'aikaci ake sha. Na kwana 2 da suka rage, uwa ce take ba da shi a gida. In likita bai iya yi mata bayani da harshenta ba, aikin ya tashi banza.

Abin da gari zai yi

Maigari ya faɗa wa sabon likita ranar kasuwa da lokacin da mata suke gida. A sa rana tare, sanƙira ya yi shela tun da dare. Ungozoma ta nuna gidajen da aka haihu. A samo mai fassara. Kowace uwa ta zo da takardar lambar ɗanta. In likita ya faɗi magana a karkace, a gyara masa, kada a yi masa dariya.

Ilimin magani likita ya zo da shi. Sanin ƙasa yana hannun manoma da makiyaya. In an haɗa su, akwati zai koma ba magani a ciki, yara kuwa sun sami lamba.