Abin da ido ba ya gani cikin ƙasa da ruwa

A jihar Agadas akwai wani ma'adini mai suna iraniyom. An gano shi a Azelik cikin shekarar 1957. An fara haƙar shi a Arlit a 1971, a Akokan kuma a 1978. Ramin Akokan an rufe shi a 2021.

Ƙasashen waje suna sayen iraniyom don su samu wutar lantarki. Amma yana fitar da wani tururi wanda ba a gani, ba a jin warinsa. In ya daɗe yana shiga jiki ta ruwa ko ƙura ko numfashi, yana iya ɓata ƙoda da huhu, har ya kawo ciwon daji.

Don haka masana suke yin awo. Suna ɗibar ƙasa da ruwan rijiya, su kai ɗakin bincike. Suna kuma yawo da wata ƴar na'ura mai ƙara. Inda tururin ya yi yawa, sai ƙarar ta yi sauri.

A 2003 masanan CRIIRAD na Faransa sun yi awo a Arlit. Sun tarar da tsofaffin ƙarafan kamfani masu tururi ana sayarwa a kasuwa. Da irin waɗannan ƙarafa mutane suke gini, maƙera kuma suke ƙera kayan gida. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna ruwa kashi 5 a yankin. Cikin 4, iraniyom ya wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. A Akokan, dattin da haƙa ta bari ya kai kusan tan miliyan 20.

Kudu ma tana da nata darasi. A Tibiri kusa da Maradi, daga 1985 yara sun yi shekaru suna shan ruwan fanfo mai gishirin fuliwor da yawa. Ruwan garau yake, amma haƙoran yara sun rine, ƙafafun wasu sun lanƙwashe.

Saboda haka, mai zuwa cin rani Arlit kada ya sayi ƙarfen da bai san asalinsa ba. Makiyayi ya nisanta bisashensa da tulin dattin ma'adini da ruwan da ke kwance kusa da shi. Garin da aka yi wa sabuwar rijiya mai zurfi, mutanensa su nemi ma'aikatan ruwa su auna ta kafin a fara sha.